Ɓawon Gyaɗa

A Masina, bayan layin dogo,
inda ruwan sama ke shiga ɗaki ba sallama,
na yagi bakin zanena,
na ɗaura gefe guda a idon sawun Kiese,
ɗaya gefen a wuyan hannuna.
Haka muke kwana tun watan da kogi ya riƙe ubansa.

Sun ce da dare yana tashi sama.
Wai ɓawon gyaɗa ne jirginsa,
wai yana ƙetare Kwango kafin carar zakara
ya dawo da jinin mutane a baki.
Jinin nasa ne. Harshensa yake cizo.
Ni ke gogewa da asuba,
ni na san inda haƙoran suka shiga.

Shekararsa bakwai.
Har yau takalmin hagu yake sa wa ƙafar dama.
Wannan ne matuƙin jirgi?

Ranar da ya faɗi a bakin famfo,
jiki na karkarwa, kumfa na zuba,
mata suka janye bokitai kamar gobara ta kama layi.
Mama Lukeba, wadda ta yanke masa cibi da hannunta,
ta rufe idon jikarta da tafi.
Tun ranar ƙullin rogona ke kwana a tire,
ganye ya bushe, tsami ya hau.
Wa zai sayi abincin uwar maye?

Kawunsa Matondo ya zo da lissafi a takarda:
injin kwalekwale da ya mutu a tsakiyar ruwa,
cikin matarsa da ya zube,
aikin tasha da aka ba wani.
Ya tara duka, ya ja layi,
ya rubuta sunan yaro a ƙasa.
Ya ce akwai mai addu'a a Ndjili,
kwana uku ba ci ba sha, da barkono a ido,
sai abin ya fita.
Na ce, wane abin?
Ba komai a cikin nan sai kunu da rabin ƙwaya.

Rabin ƙwaya, fara, ba ta kai tsabar shinkafa biyu ba.
Malamar asibiti ta faɗi sunan ciwon
ba ta ko rage murya ba: farfaɗiya.
Ta dafa goshinsa da hannu tsirara,
sai da na juya baya don kada ta ga fuskata.
Saura tara a leda.
Na ƙirga ɗazu. Zan sake.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.
Daren Talata aka ɗauke wuta,
na farka na tarar da idonsa a buɗe,
fari fat, a kafe a rufi,
sai na ji yatsuna suna kwance ƙullin
a hankali, kamar yatsun wata.
Numfashi uku na yi ina tsoron ɗan da na haifa.
Uku.
Sannan ya ce, Mama, na jiƙa tabarma,
kada ki faɗa wa kawu.
Na mayar da ƙullin, na ƙara wani a kansa,
na ciji zane don kada kukana ya ƙetare bango.

Jiya na same shi a bakin kwata
ya jera ɓawon gyaɗa a kan ruwa,
ya ce kwalekwale ne, za su je ɗauko Baba.
Na tattake su kafin wani ya gani.
Bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi.

Yanzu ya yi barci.
Ganga na tashi daga cocin bayan gida,
wani ya sake jefo dutse a kan kwano.
Tsumman na motsi duk sanda ya juya,
ni kuwa ina nan, ido biyu.

In ma gaskiya ne yana tashi,
to ku ɗaga kai ku duba da kyau:
can ƙarƙashin ɓawon gyaɗar
akwai mace tana reto a bakin tsumma,
ba ta saki ba.